Me Ya Sa Balaga da Manɗiƙi Ke Ba Ɗalibai Wuya?

Duk wanda ya shiga jami'a a Najeriya, ko likitanci ya je karantawa ko aikin gona, sai ya ci karo da wani darasi na dole daga cikin darussan gama-gari da ake kira GST, wanda ya haɗa falsafa da manɗiƙi. A sabon tsarin karatun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, darasin yana aji biyu. Tun kafin nan, a sakandare, ɗalibi ya sha fama da adon harshe a adabin Turanci da na Hausa, domin WAEC da NECO da JAMB ba sa tsallake wannan fage. Abin da ya haɗa darussan biyu a idon ɗalibi shi ne doguwar takarda cike da sunaye: metonimi, sinekdoki, oksimoron, litotis a wannan gefe, ad hominem, ad baculum, petitio principii, ignoratio elenchi a wancan. Kowane suna da ma'anarsa ta layi ɗaya da misali guda. Ana gobe jarrabawa za ka ga yara a ƙarƙashin fitilar bakin azuzuwa suna bitar su kamar masu tilawa. Wasu su ci, wasu su faɗi. Bayan wata guda kuwa, da wanda ya ci da wanda ya faɗi duk sun koma ɗaya, sai dai ɗan abin da ya maƙale.

Malamai da yawa suna ɗora laifin kan raunin Turancin ɗalibai ko kan lalaci. Raunin Turanci gaskiya ne, amma bai isa bayani ba, tunda yaran Ingila da Amurka ma suna kuka da waɗannan sunaye, waɗanda asalinsu Girkanci ne da Latin. A ganina matsalar tana cikin yadda aka jera karatun. Ana ba ɗalibi suna tun bai ga abin da aka raɗa wa sunan ba, sannan a gwada shi a kan sunan, a bar abin.

Alhali kuwa ya san abin tun daga gida. Yarinyar da ta tashi a gidan yawa ta san habaici da gugar zana tun ba ta san baƙi da wasali ba. Ta san lokacin da maganar da aka yi wa kaza, da matar tsakar gida ake. Yaron da ya taɓa sauraren makaɗan fada ya san bambancin yabo da zambo, ya san yadda ake kambama sarki har a kai shi inda hankali ba zai ɗauka ba, kuma babu wanda ke cewa makaɗin ya yi ƙarya. Kullum muna cewa tukunya ta tafasa, alhali ruwan ciki ne ya tafasa. Muna cewa fada ta yi kira, ko Abuja ta yi shiru. Wannan shi ne abin da takardar darasi ke kira metonimi. Idan aka ce magidanci baki goma yake ciyarwa, an ambaci ɓangaren jiki ana nufin mutum gaba ɗaya, sinekdoki ke nan. Haka abin yake a wajen gurguwar hujja. Bahaushe yana cewa an yi wa mutane kuɗin goro idan an hukunta jama'a duka da laifin ƙalilan. Yana cewa an bar jaki ana dukan taiki idan aka kauce wa ainihin magana aka far wa wani abu daban. Yana da soki-burutsu, yana da shaci-faɗi, yana da kame-kame. Ɗalibin da ke zufa a kan ignoratio elenchi, wato barin jaki a daki taiki, zai iya kama ta nan take a gardamar majalisar unguwarsu. Abin takaicin shi ne babu wanda ya gaya masa cewa wannan da waccan abu ɗaya ne, har ya fita daga aji yana ganin an koya masa wani ilimi da ba ya da alaƙa da bakin da yake magana da shi.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba, wanda da sun sani da ya rage musu zargin kai. Waɗannan sunaye ba mutum ɗaya ya zauna ya tsara su ba, kuma ba a tsara su don su dace da juna ba. Tara su aka yi a tsawon fiye da shekara dubu biyu. Aristotil, wanda malaman Larabci ke kira Arisɗo, ya lissafa kurakuran hujja guda 13 ne kacal, shida masu tasowa daga lafazi, bakwai daga wajen lafazi. Sunaye irin su ad verecundiam da ad ignorantiam sun yaɗu ne daga littafin John Locke na 1690, kuma shi ma bai kira su duka ɓata ba, ya kawo su ne a matsayin hanyoyin da mutane ke bi su rufe bakin abokin gardama. Daga baya kowane marubucin littafin makaranta ya ƙara nasa, har yau ana samun jerin da ya haura ɗari a intanet. Balagar Larabci ma haka ta yi. Ibnul Mu'utaz, wanda ya fara ware littafi ga ilimin badi'i, wato na adon magana, a ƙarni na 9, nau'o'in da ya kawo ba su kai ashirin ba. Zuwa ƙarni na 14, Safiyyuddin al-Hilli ya kai su kimanin 150 a ƙasida guda. Idan kaya suka taru ta wannan hanya, dole wasu su hau kan wasu. Masana har yau ba su daidaita kan inda metonimi ta ƙare sinekdoki ta fara ba. Malaman balaga kuwa sun zuba mafi yawan misalansu a babi ɗaya, majazi mursali, suka bambanta su da irin alaƙar da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da ake nufi. A nazarin Hausa, inda masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo da Sa'idu Muhammad Gusau da Abdullahi Bayero Yahya suka yi aikin kafa kalmomin fannu, ɗalibi kan tarar da ado ɗaya da suna biyu idan ya sauya littafi. Wannan ba aibi ba ne ga fannin da ke girma. Aibin yana wurin jarrabawar da ke nuna kamar kowane misali yana da aljihu ɗaya tak da zai shiga.

Wahalar adon harshe ta tsaya kusan a nan, kuma mai sauƙin magani ce. Ta kurakuran hujja ta fi zurfi, domin ba a gane yawancinsu da siffa. Ɗauki ad hominem, wadda kowane ɗalibi ya fi saurin haddacewa: sukar mai magana maimakon maganarsa. Takardar darasi ta ce kuskure ne, shi ke nan. To me za mu ce da ilimin jarhu da ta'adili, wanda malaman hadisi suka gina kacokan a kan bincikar mai ruwaya, gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa da waɗanda ya haɗu da su? Me za mu ce da alƙali a kotun shari'a, wanda ke ba wanda ake ƙara damar ya soki shaidar da aka kawo a kansa, ya nuna cewa akwai gaba tsakaninsu ko shaidan yana da abin da zai samu? Babu mai hankalin da zai kira wannan kuskure. Idan abin da muke da shi kawai shi ne faɗar mutum, to halin mutumin yana cikin hujjar. Kuskuren yana shigowa ne idan maganar tana iya tsayawa da ƙafarta, mu kuma muka bar ta muka koma kan mai ita.

Saurari sojojin baka a gidajen rediyon Kano da dare, za ka ji nau'in biyu a cikin minti biyar. Wani ya ce ɗan takarar da ya cinye kuɗin ƙungiyar da ya shugabanta bai kamata a damƙa masa baitulmalin jiha ba. In zargin ya tabbata, wannan hujja ce mai ƙarfi, domin amana ake magana a kai. Can kuma wani ya ce adadin bashin da ɗan adawa ya faɗa ƙarya ne, tunda kowa ya san ɗan adawar ya sauya jam'iyya sau uku. Nan an kauce, domin adadin bashi yana cikin takardu, kuma sauya jam'iyya ba ya ƙara masa ko rage masa sisin kwabo. Siffar maganganun biyu iri ɗaya ce, dukansu sun taɓa mutum. Wanda ya haddace ma'anar layi ɗaya zai yi musu hukunci ɗaya, kuma zai yi kuskure a ɗayansu.

Haka dogaro da faɗar masani. Ba wanda zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Muna shan magani bisa faɗar likita, muna hawa gada bisa lissafin injiniyan da ba mu taɓa gani ba. Tambayar ita ce ko masanin a fanninsa yake magana, ko takwarorinsa sun yarda da shi, ko ma shi ya faɗi abin da ake jingina masa. Wani masani ɗan Ostareliya, Charles Hamblin, ya fitar da littafi a 1970 inda ya caccaki yadda littattafan manɗiƙi ke kwafar wannan babi daga juna, da tsofaffin misalai da ma'anonin da ba su riƙe ruwa. Bayansa Douglas Walton na Kanada ya shafe shekaru yana nuna cewa yawancin abin da ake kira kuskure hanyoyi ne na kafa hujja da ke iya zama daidai ko ɓata, kuma ana tantance su da tambayoyin da suka dace da kowacce. Fiye da shekara hamsin ke nan da wannan gyara, amma takardun da ake raba wa ɗalibanmu har yanzu suna kan tsohon salo. Misalansu kuma na wasan yara ne, irin wanda babu baligin da zai faɗa. Kuskuren da ke cutar da jama'a ba ya zuwa a fili haka. Yana zuwa ne a bakin mai iya magana, rabinsa gaskiya, a kan batun da mai sauraro ya riga ya so ya yarda da shi.

Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa mutum yana iya hujja a kan abin da ya sani, ya kasa ta a kan alamomi tsirara. A 1966 Peter Wason, wani masani Bature ɗan Ingila, ya fito da wani gwaji. Kati huɗu a kan tebur, ana ganin E, K, 4 da 7. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. An kafa doka cewa duk katin da ke da wasali, lambar bayansa mai rabuwa gida biyu daidai ce. Waɗanne katuna ne dole a juya don a san ko an karya dokar? Yawancin mutane, har da ɗaliban jami'a, sukan ce E da 4, ko E kaɗai. Amsar ita ce E da 7, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun ta. A 1982 Richard Griggs da James Cox suka sake gwajin a Amurka da dokar da ɗalibai suka sani, ta shekarun da aka yarda mutum ya sha giya, sai mafi yawa suka amsa daidai. Mai karatu na iya gwadawa da tamu dokar: sai wanda ya kai shekara 18 zai tuƙa mota. Ga mutum huɗu, ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tafiya a ƙasa, ɗaya shekararsa 30, ɗaya 14. Kowa ya san mai tuƙin za a tambaya shekarunsa, ɗan 14 kuma a duba ko tuƙi yake. Ginin tambayar bai sauya ba ko kaɗan. Abin da ya sauya shi ne an ɗora ta a kan rayuwar da mutum ya sani. Darasin da ya fara da alama da suna, ya ajiye rayuwa sai in lokaci ya rage, ya zaɓi hanyar da ta fi kowacce wuya.

Abin da ya fi damuna ma ba waɗanda suka manta ba ne. Waɗanda suka riƙe sunayen suka mayar da su makami sun fi ban tsoro. Ana ganinsu a Facebook: mutum ya kawo magana mai tsawo, wani ya jefa masa kalmar Latin guda ya tafi, yana ganin ya gama da shi. Bai nuna inda hujjar ta karye ba, bai kuma lura ba cewa mutum na iya kare gaskiya da gurguwar hujja, gaskiyar ta ci gaba da zama gaskiya. A gida kuma wannan salo rashin kunya ne tsagwaronsa. Ɗan da ya dawo hutu ya ce wa mahaifinsa maganarsa kuskuren manɗiƙi ce ya yi asarar tattaunawar da ladabin baki ɗaya. Da zai ce, "Baba, shi wanda ya kawo labarin nan, da idonsa ya gani ko shi ma ji ya yi?" da ya yi aikin manɗiƙi na gaske, kuma da babu wanda zai tsawata masa. Ɗalibi a zaure yakan ce, "Allah gafarta Malam, wannan hukuncin ya haɗa har da mai uzuri?" kuma da wannan tambaya guda ya gwada ko an yi kuɗin goro. Al'adarmu ba ta hana ƙarami bincike ba, ta dai tsara masa lafazin da zai yi shi, kuma lafazin tambaya ya fi laƙaba suna kusa da abin da fannin yake nema.

Ba ina cewa a jefar da sunaye ba ne, kuma ba na cikin masu raina hadda. Suna yana taƙaita magana tsakanin masu sani, yana sa ido ya riƙa ganin abin da da zai wuce shi. Ƙasar Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan karatu. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Jalaluddin as-Suyuɗi na Masar, shi yana kare fannin, Suyuɗi yana hana shi. Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16 wanda yaran makarantun allo da na zaure suka sani da littafinsa na ibada da muke kira Ahalari, shi ne kuma ya tsara Sullam a manɗiƙi da Jauharul Maknun a balaga, dukansu a waƙe don a haddace. Amma a zaure ba a barin matani shi kaɗai. Malam yana karanta baiti, ya fassara, ya warware, ya kawo misali daga Alƙur'ani ko waƙar Larabawa ko maganar yau da kullum, ɗalibi ba ya ƙara gaba sai na baya ya zauna. Jami'a ta ɗauki haddar ta bar sharhin, ta tara ɗaruruwan ɗalibai a ɗakin lacca ɗaya, ta ba su makonni goma sha wani abu.

Akwai wani abu a tsarin Sullam da ya kamata masu koyar da GST su duba. Ya raba hujjar hankali gida biyar: tabbatacciyar hujja, jayayya, huɗuba, waƙa, da ruɗu. Ma'ana, jan hankali da motsa zuciya suna da mazauninsu na halal, dabam da yaudara. Ɗalibanmu kuwa, saboda an cusa musu adon harshe da kurakuran hujja a matsayin jeri biyu na haddacewa, sukan fita da zaton cewa duk maganar da ta taɓa zuciya zamba ce. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, limamai da 'yan jarida sun siffanta halin mata da yara don jama'a su ba da taimako. Sun nemi tausayi, kuma tausayi shi ne daidai a wurin, domin wahalar mutanen ita ce dalilin taimakon. Neman tausayi yana zama ɓata ne idan ɗalibi ya ce a ƙara masa maki saboda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, tunda rashin lafiyar ba ta sauya abin da ya rubuta ba. Aristotil kansa, a littafinsa na balaga, ya lissafa halin mai magana da motsa zuciyar mai sauraro tare da hujja a matsayin hanyoyi uku na gamsarwa.

Gyaran a aji ba ya buƙatar kuɗi. Malam ya shigo da magana ta gaske: yankin sharhin jarida, tallar maganin gargajiya da ake yi da lasifika a tasha, saƙon WhatsApp mai cewa wani ya sha kaza ya warke don haka kaza magani ne. A sa ɗalibai su fitar da abin da mai maganar ke so a yarda da shi, su fitar da dalilin da ya bayar, su faɗa da bakinsu, da Hausa in sun ga dama, ko dalilin ya ɗauki nauyin da aka ɗora masa. A sa su sauya abu ɗaya a cikin labarin da zai mayar da gurguwar hujja lafiyayya. A adon harshe kuma su ƙirƙira nasu, domin wanda ya taɓa mayar da kamance siffantawa da hannunsa, ya ɗauke "kamar" ya ga yadda jimlar ta ƙara kaifi, ba zai sake rikita su ba. Suna ya zo a ƙarshe, kuma guda goma da aka fahimta sun wadatar a zango ɗaya.

Sai dai ɗalibi jarrabawa yake karanta wa, kuma yana da gaskiya. Muddin tambayar ita ce a zaɓi sunan da ya dace daga cikin huɗu, hadda za a yi, ko malam ya so ko ya ƙi. Malamai za su ce ba za su iya duba rubutun mutum dubu ba, shi ya sa aka koma canki-canka a kwamfuta, kuma wannan uzuri ne na gaske. Amma canki-canka ba dole ta zama ta sunaye ba. Jarrabawar shiga makarantun lauya a Amurka, LSAT, ta daɗe tana gwada iya hujja da zaɓi: a ba ka ɗan sakin layi, a tambaye ka wane zato mai maganar ya dogara da shi bai faɗa ba, ko wane ƙarin bayani ne zai fi raunana maganarsa. Kwamfuta tana duba irin wannan kamar yadda take duba waccan. Wahalarta tana wurin rubutawa, domin tambaya guda mai kyau takan ci wa malami awa, ta suna kuwa minti biyu. Aiki ne da sashen falsafa da na harsuna da na Larabci a jami'a ɗaya za su iya haɗa hannu a kai, su tara irin waɗannan sakin layi daga jaridu da shirye-shiryen rediyon da ɗalibansu ke ji, su riƙa ƙarawa kowace shekara.